Amsoshin Tambayoyinku: Na Nemi Labarin Garin Isa, Waya Ta Kawo Mini Isa Almasihu

TAMBAYA:  Ni ma'aikacin lafiya ne a Isa, kuma ina cikin 'yan tsirarun Kiristocin da ke taruwa sujada ranar Lahadi. Kwanan baya na rubuta "labarin Isa" a Google don in ji halin da hanyarmu take ciki, sai ga shafuffuka da bidiyo na Isa Almasihu sun cika mini waya, wasu ma da Hausa. Na yi murna, amma kuma gabana ya faɗi. Shin wayar ta san ni Kirista ne? Su wane ne ke saka waɗannan abubuwa? Sannan fastonmu ya ce tunda ni ne na saba da waya, in duba yadda mu ma za mu yi bishara ta intanet. Ta ina zan fara, ga tsadar data, ga wahalar sabis, ga kuma zaman ɗar-ɗar da ake yi? Daga wani mai karatu a Isa, Jihar Sakkwato.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya kuma kiyaye ku da ku da maƙwabtanku duka. Tambaya uku ka ƙunso mini a ganye ɗaya: yadda aka yi waya ta kawo maka abin da ba ka nema ba, waɗanda ke bayan abin, da kuma abin da ƙaramar ikilisiya irin taku za ta iya yi. Bari mu bi su sannu a hankali.

Ka kwantar da hankalinka game da ta farko. Sunan garinku ne ya jawo, ba addininka ba. Google yana da wasu manhajoji, wato umarnin da aka shirya wa kwamfuta, da ke yawo dare da rana daga wannan shafi zuwa wancan, suna kwafe abin da ke ciki suna jerawa a wani ƙaton kundi, kamar yadda ake jera katunan marasa lafiya a asibitinku. In ka rubuta kalma, ba intanet ɗin yake zagayawa a lokacin ba, kundin nan yake buɗewa ya zaro duk katin da ke ɗauke da kalmar. Daga nan sai ya yi musu sahu: wanne ya fi dacewa da kalmar, wanne wasu shafuffuka suka fi ambatawa, wanne ke cikin harshen da ka yi rubutu, wanne ya fi kusa da inda kake. To, ka auna yawan abin da Musulmi da Kirista suka rubuta a kan Annabi Isa da abin da aka rubuta a kan garin Isa. Da maƙwabcinka Musulmi ne ya rubuta waɗannan kalmomi biyu a tasa wayar, kusan abin da ka gani shi ma zai gani.

Akwai kuma talla. Wasu daga cikin amsoshin da ke fitowa can sama kuɗi aka biya suka hau, kuma za ka ga an rubuta wata 'yar kalma a jikinsu, sau da yawa "Sponsored", ma'ana an ɗauki nauyi. Yadda abin yake, mai talla zai zaɓi kalmomi, a ce "wane ne Isa" ko "yadda ake samun salama", ya zaɓi yanki, ya faɗi abin da zai iya biya in an latsa. Duk sa'ad da wani ya rubuta kalmar, sai a yi gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son ta. Tun da masu takara a kan kalmomin Hausa ba su kai na Turanci yawa ba, gwanjon yakan yi sauƙi. Ƙari a kan haka, Google yana da wani shiri da yake ba ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, waɗanda suka cika sharuɗɗa, tallar da ta kai ta dala 10,000 a wata kyauta, kuma ƙungiyoyin addini da dama suna cin moriyarsa.

Duk da haka zarginka bai tashi a banza ba. A ƙa'idar Google ba a yarda mai talla ya zaɓi mutane bisa addininsu ba, kuma kamfanin Facebook ya cire irin wannan zaɓi a farkon 2022. Amma YouTube da Facebook da TikTok suna lura da abin da ka tsaya ka kalla. Ka kalli waƙar sujada biyu yau, gobe za su jero maka goma. Ba su san zuciyarka ba, sawunka suke bi. Wannan yana da muhimmanci a inda ake aron waya, ko ake barinta a shagon caji, don haka ka koyi yadda ake goge tarihin bincike, ka kuma koya wa duk wanda ya nemi ka tura masa wani abu.

Su wane ne ke saka abubuwan? Suna da yawa, kuma ba duka aikinsu ɗaya ba. Akwai masu ajiye Littafi Mai Tsarki inda kowa zai samu, kamar manhajar YouVersion da wata ikilisiya a Amurka ta fitar a 2008, wadda ke ɗauke da fassarar Hausa fiye da ɗaya, har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa. Akwai Faith Comes By Hearing, masu naɗar karatun Littafin da murya, su ne da manhajar Bible.is da kuma wata 'yar na'ura mai cajin rana da ake kunna wa jama'a su saurara tare. Akwai masu fim ɗin Yesu na 1979 da aka gina a kan Bisharar Luka, wanda aka juya zuwa harsuna sama da 2,000, Hausa na ciki. Sai kuma masu bishara ta bincike zalla, irin su Global Media Outreach da aka kafa a 2004, da ƙungiyar Billy Graham. Tsarin waɗannan na ƙarshe kusan iri ɗaya ne: talla ta kai ka shafi, shafi ya nuna maka gajeren bidiyo, a ƙasa akwai wurin latsawa in kana da tambaya, sai wani mai aikin sa-kai ya amsa maka ta saƙo, daga baya in ka yarda a haɗa ka da masu bi na kusa da kai.

A nan zan faɗa maka ra'ayina. Za ka ji irin waɗannan ƙungiyoyi suna ba da rahoton miliyoyin mutane. Ba na cewa ƙarya suke yi, amma abin da na'ura ke ƙirgawa latsawa ce. Yaron da ya ari wayar yayansa ya latsa, wanda yatsansa ya zame ya latsa, wanda ya kwana yana kuka yana neman amsa shi ma ya latsa, duk lamba ɗaya-ɗaya ce a wurin kwamfuta. Kada fastonku ya ji waɗannan alƙaluma ya ɗauka ku kun gaza. Abin da ke da kyau a wannan hanya, wanda nake yabawa da gaske, shi ne mutum da kansa ya fara tambaya. Ba a tare shi a hanya ba, ba a ɗaura lasifika a kan katangarsa ba. Shi ya rubuta abin da ke damunsa, sai ya tarar da amsa tana jiransa. Ka riƙe wannan, domin duk shawarar da zan ba ka daga nan ta fito.

Kada kuma ka ɗauka sabon abu ne ya sauka. Ƙasarku ta Gobir ta daɗe da sanin wannan aiki. Mishan ɗin SIM, wanda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya zauna a Tsibiri, gidan sarautar Gobir da ke hayin iyaka kusa da Maraɗi, tun ƙarshen shekarun 1920. Ya buɗe asibitin Galmi a 1950, ya yi aikin kutare a Danja ta wajen Maraɗi da Amanawa ta wajen Sakkwato. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa Hausawa da Turawa suka yi. Amma masu karatun boko kaɗan ne a lokacin, don haka tun da wuri aka koma ga kunne. Aka yi faifan garmaho da ake juyawa da hannu. Aka yi rediyon ELWA daga Laberiya a 1954, sannan Muryar Bishara, wadda ake naɗa a Jos a watsa daga Adis Ababa tun shekarun 1960, har gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977. Kaset ya zo, majigi ya zo. Ina yaro na ga an kafa farin ƙyalle a jikin bishiya bayan isha'i, janareta yana ƙugi, tsofaffi a kan tabarma, mu yara muna leƙa bayan ƙyallen mu ga inda mutanen suka ɓoye. Wata tsohuwa kusa da ni ta dafe ƙirji da ta ji mutanen cikin fim suna Hausa. Ban tuna ko kalma ɗaya daga wa'azin da aka yi bayan fim ɗin ba, amma na tuna mamakinta. Wayar da ke hannunka jikar garmaho ce da majigi. Malaman Musulunci ma ta wannan turba suka bi, daga tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna zuwa karatun azumin da ake turawa a memori yau.

Yanzu ga abin da ikilisiyarku za ta iya yi. Shawarata ta farko, ku manta da sayen talla a Google. Ba naku ba ne a yanzu, kuma masu yi suna yi. Ku fara da mutanenku. Tun daga 2019 dubban jama'ar Sabon Birni da Isa da kewaye sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi, wajen Gidan Runji, wasu sun yi Sakkwato, wasu Shinkafi da Gusau. Na tabbata a cikin waɗanda kuka saba sujada tare akwai wanda tsoron hanya ya hana shi zuwa, akwai wadda ta koma garin iyayenta. Saƙon murya na minti 5 kowane mako daga bakin fasto, karatun nassi da addu'a da ambaton marasa lafiya, ya fi musu shafin intanet mai ado. Su ne kuma za su san wa ya kamata su kunna wa.

Na ce murya, ban ce bidiyo ba, kuma da dalili. Magana ta minti 10 da aka naɗa da matsakaicin inganci ba ta cika wuce megabait 5 ba, megabait kuwa shi ne mudun da ake auna data. Bidiyo mai wannan tsawo yakan ci ninki goma ko fiye. Murya tana shiga ƙaramar waya mai maɓalli, mace na jinta tana surfe, manomi na jinta yana kan jaki, wanda bai yi boko ba bai rasa komai ba. Sannan ba ta nuna fuskar kowa. Ba sai kun sayi kaya ba. Ku shiga ɗaki mai tabarma da labule, ku rufe taga, ku kashe fanka, ku ɗora waya a kan matashi tazarar taƙi ɗaya daga baki. Da asuba ya fi, kafin babura su tashi. In 'yan Zumuntar Mata sun yarda, ku naɗi waƙoƙinsu da tulunsu, don na sha ganin waƙa ta shiga gidan da wa'azi bai shiga ba.

Sai batun irin Hausar. Yawancin abin da za ka samu a intanet da Hausar Jos ko ta Kaduna aka yi shi, wani ma na'ura ce ta fassara. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, ta kuma ƙara kyau, amma har yanzu in ta juya maka maganar ibada za ka ji ta kamar tuwon da ba miya. Bagobiri yana jin bambanci tun daga jimlar farko. In a cikinku akwai wanda aka haifa a yankin, wanda "ya tahi" da "hwaɗi" ke fita bakinsa ba tare da ya yi tunani ba, shi za ku ba karatun. Ku kuma lura da kalmomi: ku a coci "Yesu" kuke cewa, mai bincike daga waje "Annabi Isa" zai rubuta, ku "bishara", shi "Linjila". In wata rana kun sa wani abu a YouTube, ku rubuta kansa da irin tambayar da mutum zai yi da bakinsa, misali "Me Kirista ke yi a lokacin azuminsu?", domin da wannan rubutu ne injin bincike zai gane abin da ke ciki.

Kada ku dogara da sabis. Ka fi ni sanin abin da ya faru a watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, Isa da Sabon Birni na ciki, har mutane suka riƙa neman tudu ko bakin iyaka ko za su kama sabis ɗin Nijar. Abin da ke kan intanet kaɗai ya yi nisa a lokacin, abin da ke cikin memori bai je ko'ina ba. Saboda haka duk ranar da ka shiga Sakkwato ka sami sabis mai ƙarfi, ka sauke Sabon Alkawari na murya da fim ɗin da waƙoƙi, ka zuba a memori biyu ko uku. Daga nan Bluetooth da manhajar Xender sun isa, waya zuwa waya, ba ko kwabo na data. Dubi mai shagon caji a kasuwa, wayoyi hamsin a jere kan katako kowace da lambarta, kwamfuta a gefe yana tura wa mutane fina-finai da karatu. Wannan shi ne gidan rediyon ƙauye a yau. Sai dai ban ba ka shawarar ka kai masa kayanku ya riƙa cusa wa wanda bai tambaya ba. Hakan zai jawo masa rigima, ku ma ya jawo muku.

Wannan ya kawo mu inda nake so ka fi kasa kunne. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, kai da maƙwabcinka daidai. Amma Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi haka, don ana yanke ta, a raba ta da abin da ya gabace ta, a tura wa dubu cikin awa ɗaya. A ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Kisan gilla ne da ba shi da hujja, kuma Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Kukah duk sun yi tir da shi. Bayan 'yan kwanaki aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya irinka a Jihar Bauchi, kan wani bidiyo da ta tura wa abokan aiki. Ta yi sama da wata 18 a tsare kafin beli, sai a Disambar 2024 kotu ta wanke ta. Ban kawo waɗannan don in ɗora laifi a kan waɗanda aka zalunta ba, kuma ban kawo su don ka yi shiru da bangaskiyarka ba. Na kawo su ne don ka san nauyin abin da ke tafin hannunka.

Don haka ka faɗi naka, ka bar na wani. Kana da abin faɗa mai yawa a kan Yesu, da gafara, da haƙuri cikin wahala, ba tare da ka taɓa Annabin maƙwabcinka ko littafinsa ba. Bidiyon muhawara da gugar zana da ke yawo, ko da kana ganin naku ne ya yi nasara, kada ka tura, kada ka ajiye. Zauren WhatsApp na asibiti na aikin asibiti ne, na unguwa na unguwa ne. Haka kuma majinyacin da ke kwance a gabanka amana ce, ba ya cikin halin da zai iya ce maka a'a, saboda haka in bai tambaya ba, hannunka da kyakkyawar mu'amalarka sun isa shaida.

Wani abu kuma da nake ƙi ƙwarai: shafin da ke ɓoye kansa. Akwai masu buɗe shafi da suna da ado irin na Musulunci, sai mutum ya yi nisa ya gane inda aka nufa da shi. Wanda aka yaudara ya shigo, ranar da ya gane ba shafin kaɗai zai tsana ba, har da kai da kuke gaisawa kullum. Ku rubuta a fili cewa ku Kirista ne. Wanda ya ga haka ya ci gaba da saurare, da sonsa ya tsaya.

Bayyana ko ku su wane ne daban, bayyana inda kuke daban. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kada ku sa hoton masu sujada, ko na yara, ko lokacin taro, ko ranar da baƙo zai zo, ko sanarwar gudummawar da aka tara. Wanda ya rubuto muku a asirce yana tambaya, sirrinsa amana ne, kada a karanta saƙonsa a gaban jama'a da sunan shaida. In baƙon lamba ya matsa yana son sanin sunaye da gidaje, a dakata. Ka kuma gargaɗi tsofaffinku game da shafuffukan da ke cewa a tura kuɗi kafin a yi wa mutum addu'a, ko masu alkawarin jari da biza da sunan Yesu. 'Yan damfara ne, kuma sun iya Hausa.

Kafin ku naɗi ko minti ɗaya, ku zauna da fasto da dattawa ku amsa wannan: in wani ya ji, ya kira da tsakar dare yana da tambaya ko yana cikin baƙin ciki, wa zai ɗauka? Manyan ƙungiyoyin da na ambata a nan suke yawan yin rauni, domin mai amsawa yana wata ƙasa, bai san hanyar Gundumi ba, bai san abin da ake nufi da a ce ƙauye ya tashi ba. Ku kun sani. Kun yi jana'iza tare da mutanen nan, kun sha ruwan rijiya ɗaya. A ware layi guda, a ba mutum mai haƙuri da riƙon sirri, mace ta amsa wa mace. In babu mai wannan hali a yanzu, ku tsaya a kan saƙon mako-mako na 'yan'uwa tukuna, sannu ba ta hana zuwa.

Labarin hanya da ka fita nema tun farko kuwa, ka rubuta "ƙaramar hukumar Isa Sakkwato", ko ka haɗa da Sabon Birni, sannan ka latsa sashen labarai don ya kawo maka na baya-bayan nan. Amma kafin ka hau mota, ka tambayi direbobin tasha, sun riga Google ji. Ka gaishe mini da fasto da mutanen gida.